Ganga Ɗaya, Kafaɗa Takwas

Dako ya ci mana jiki, ba wani abin daɗin faɗa a cikinsa. Shekara goma sha biyu ina ɗaukar gangar kaya daga bakin ruwa zuwa saman gari, hawan da ko jaki sai ya yi gardama. Mu takwas ne, sanduna huɗu, kowace mutum biyu, ganga na lilo a tsakiya.

Karatuna bai yi nisa ba, izu biyu gare ni aka kama ni bawa, aka ƙetare teku da ni. Amma raba nauyi tsakanin kafaɗu, wannan na zauna masa. Shekara uku ina gwaji: mutum huɗu, shida, goma sha biyu, ina lura sau nawa muke saukewa kafin mu kai unguwar Barroquinha. Na gano yawan mutane ba ya ƙara sauri, sai jiran juna a kwana. Na kuma gano ganga tafiyar mai rauni take bi.

Ɗan mai siton da muke wa dako, da ya dawo daga makaranta, shi ma ya gano haka a takardarsa. Ya nuna abokin sandata, dattijon da muka sauka jirgi ɗaya, wanda gwiwa ta fara ci.

Ya ce, "Wannan ke jan ku baya. Gobe kada in gan shi."

Na ce, "Ranka ya daɗe, lissafinka daidai ne, sai dai ba ka taɓa sa kafaɗa ƙarƙashin sanda ba. Shi ke ja mana waƙa, ƙafa goma sha shida ta sauka tare. Cire shi ka ga ganga ta riga mu komawa bakin ruwa."

"Ko shi, ko aikin sitona."

Da muka fito dattijon ya ce, "Ƙanena, bar ni in tafi. Kada mutum bakwai su rasa abinci saboda gurgu ɗaya."

"Yaya, muryarka muke so, ba shawararka ba."

Sauran shidan Yarabawa ne, ba su ji Hausar ba, amma sun ga fuskata.

Washegari da safe na zo da shi. Na zame ƙullin igiya wajen tafin hannu biyu zuwa ɓangarena, yawancin nauyinsa ya dawo kafaɗata. Na tsayar da shi a gaba, daidai tagar ɗan mai sito, na ce ya ja waƙa.