Jikin da Yaya Ta Yi

Yayata siririya ce tun tasowarta. A gidanmu na Kurfi sillan kara ake ce mata, ta yi dariya, amma ni da muke kwana ɗaki ɗaya na san abin yana ci mata rai. Ta sha hulba har warinta ya kama kayanta, ta sha fura da nono ba ƙaƙƙautawa, duk a banza. Ta yi aure a Birchi, ta yi 'ya'ya, tana nan yadda take. Duk bikin da ta je sai an samu mai tambaya ko mijin ba ya ba ta abinci ne.

A wajenmu idan mace ta yi kauri an gama magana: hankalinta a kwance yake, rumbunsu da hatsi, mijinta ya san darajarta. Ba mai tambayar daga ina kaurin ya fito.

Sai da ta haura arba'in jiki ya zo mata, farat ɗaya. Fuska ta cika, ƙafafu suka yi kauri, awarwaro ya matse hannu. Ta ɗinka sababbin kaya. Mata suna tare ta a hanya suna cewa masha Allah, hutu ya karɓe ta. Ban taɓa ganin Yaya cikin farin ciki irin na lokacin ba.

Da ta kawo mini ziyara Dutsin-Ma, inda nake aure, daga bakin titi zuwa ƙofar gida sai da ta zauna tana haki. Da ƙyar na ja ta asibiti. Likita ya danna ƙafarta da yatsa, wurin ya lotsa ya ƙi tasowa. Ya ce ruwa ne ya taru, zuciyarta ce ta gaza. Ya ba ta ƙwayar da za ta fitar da ruwan, ya ce kada ta kuskura ta daina sha.

Magani ya yi aiki. Numfashi ya dawo, ta koma gida tana sakewa, sai dai kayan nan sun yi mata yawa. Nan 'yan dubiya suka fara aikinsu. Kowacce ta shigo sai ta riƙe haɓa ta ce, "Wayyo, kin lalace! Wanga magani bai karɓe ki ba." Har yau idan na tuna raina ɓaci yake, don babu wadda ta faɗa da mugunta a cikinsu.

Da na je duba ta na tarar ta sake cika, ƙwayoyin suna cikin kwano ba a taɓa ba.

Na ce, "Yaya, mi ya sa kika bari?"

Ta ce, "Auta, ki ƙyale ni. Tun ina yarinya nike jin kin rame, kin rame. Na gaji."

Na yi faɗa, na yi kuka, na haɗa ta da Allah. Ta kan sha idan ina nan, in na tafi ta ajiye. Ba ta ga kakar shekarar ba.

Ranar uku, tsohuwar da ta yi mata wanka ta matso kusa da ni a zaman makoki, ta kama hannuna don ta ba ni haƙuri.

"Ki gode Allah, ɗiyata," in ji ta. "Ciwon bai ci ta ba. Da jikinta mai kyau ta tahi."

Matan ɗakin duka suka gyaɗa kai. Na ce, "Na gode, Inna."