Anti Hadiza ta tafi, kunkurun Ilham ba ya ci

Innalillahi wa inna ilaihi raji'un. Da safen nan ina sauke Ilham a makaranta aka kira ni daga ofis. Anti Hadiza ta rasu, hatsarin mota a wajen Yangoji.

Har yanzu ina fake a Jabi, na kasa tuƙi.

Ogata ce a ma'aikata, amma ba aiki ya haɗa mu ba. 'Yata Ilham ba ta magana da mutane, likitoci sun yi iya yinsu. Anti ce ta kawo mata ɗan kunkuru cikin akwatin gilashi. Shi Ilham ta fara yi wa hira, ta sa masa suna Gwaza.

Ni da ban san komai ba, na ajiye shi a falo AC na bugawa. Anti ta zo ta durƙusa da leshinta mai tsada, ta ce, "Maman Ilham, shi ba ya ɗumama jikinsa da kansa. Sanyin da ke miki daɗi shi zai kashe shi."

Ta rataya ƙwan fitila a gefe ɗaya na akwatin, ta bar ɗayan da inuwa don ya zaɓa. Ta sa ma'aunin zafi biyu a ƙasa, daidai tsayin bayansa. Ta hana ni aunawa da hannu.

Makon jiya ƙwan ya ƙone, na sayo wani. Da ma Anti ta ce zafin gefen fitila ya riƙa kaiwa digiri talatin da biyu, nawa ya maƙale a ashirin da shida. Na matso da ƙwan, ya doshi arba'in, na tsorata na ja shi baya. Gwaza ya daina cin ganye, idonsa a rufe.

Ranar Juma'a na tare Anti a bakin ofis da hoton Gwaza a akwatinsa. Ta ce, "Kar ki ƙara taɓawa. In na dawo daga biki zan zo da ƙwan da ya dace." Ta gyara min gyale ta wuce.

Ilham ma ta ƙi abinci. Jiya ta kalle ni ta ce, "Anti yaushe?" An jima zan ɗauko ta, ban san me zan gaya mata ba.

Don girman Allah, wanda ya san likitan dabbobi da ke duba kunkuru a Abuja ya turo min saƙo yau.

Ya Allah ka gafarta wa Anti Hadiza, ka sanyaya makwancinta, ka bai wa 'ya'yanta haƙuri. Ku sa ta a addu'a, ku haɗa da Ilham.