Ƙararrawar Ramin Asibiti da Kunyar Suruki

Shekaru sun tura, amma ranar da ƙararrawar asibitinmu ta yi ta kaɗawa babu mai amsa mata, ba ta taɓa fita daga raina ba.

Zamanin da kuɗin mai suka shigo ƙasa, aka gina mana asibiti a garinmu, tsakanin Ƙanƙara da Faskari. A bayansa aka haƙa wani ƙaton rami aka shafe shi da siminti, nan ruwan masai da na wanki ke taruwa. A ciki akwai wata ƙwallo da ke yawo bisa ruwan. In ya taso ya ɗaga ta, sai ƙararrawa ta kaɗa, a tada inji ya zuƙe. Rijiyar unguwarmu kuwa tana gangare, ba nisa da ramin.

Makullin ɗakin inji yana hannun wani dattijo, Alhaji. Mai gadin asibitin kuma ɗiyar Alhajin yake aure.

Wata rana da damina, bayan an sha ruwan sama, muna zaune ƙofar gidan Alhaji wurin walimar suna, sai ga mai gadi. Ya tuɓe takalmi tun daga nesa, ya durƙusa ya yi gaisuwa. Alhaji ya amsa bai dube shi ba, kamar yadda surukai ke yi. Bawan Allah nan ya kasa buɗe baki ya yi zancen masai gaban surukinsa, ga mutane na cin tuwo. Sai ya ja gefe ya raɗa wa ƙanen Alhaji cewa ƙararrawar rami na kaɗawa. Shi kuma ƙanen ya bari aka gama ci, aka shafa fatiha, sannan ya ce wai ana neman Alhaji a asibiti in ya samu sarari.

Kafin mu isa, ramin ya tumbatsa, ƙazanta ta bi gangare ta faɗa rijiya. Alhaji ya juya ya dubi mai gadi ido da ido, abin da ban taɓa gani ba.

"Ɗan nan, ko rigata ka ja, ai da na yafe maka."

Aka rufe rijiya, aka koma ɗauko ruwa daga rafi bisa jakuna har kaka, kafin a yashe ta. Allah Ya kiyaye, ba wanda ya sha.

Kunya daga imani take, ban musa ba. Amma tun daga ranar na gane cewa in cuta ta doso jama'a, wanda ya gani ya faɗa da babbar murya, ko gaban wa yake durƙushe.