Ila Mai Wuta da Rufin Tamfol

A bakin tashar Kawo akwai wani tsohon mangwaro, a inuwarsa Ila Mai Wuta ya yi zaman duniyarsa. Daga wajen Katsina ya zo yana karen mota. Wata rana ya ga an haɗa waya da waya fitila ta kama, sai ya naɗa wa kansa rawanin gyaran wutar mota. Iliminsa duka bai cika cokali ba, kuma a kwalin sigari yake ajiye shi. In fis ya ƙone ba ya tambayar dalili. Sai ya zaro takarda mai ƙyalli ta cikin kwalin ya naɗe shi da ita ya mayar.

"Fis ɗin Bature rago ne," in ji shi. "Da ya ji zafi sai ya mutu."

Manyan motocin katako sun jure masa kamar yadda jaki ke jure wa mugun ubangida. Amma ran Ila ba ya wurinsu. Burinsa ƙananan motocin ma'aikatan gwamnati, masu ƙamshin turare, waɗanda ke wuce mangwaron ba ko kallo.

A shekarar ƙarin albashin Udoji ɗaya daga cikinsu ta tsaya. Malam Shehu, akawu a sakatariya, mazaunin Badarawa, ya sayi wata doguwar mota a hannun Baturen da zai koma gida. Rufinta na tamfol ne: ka danna maɓalli ya naɗe kansa ya kwanta a baya, ka sake dannawa ya miƙe. Ranar ya maƙale a tsakiya kamar fiffiken kazar da aka jefa, ga damina ta kankama.

"Duk fis ɗin da na sa, da na taɓa maɓallin sai ya ƙone," in ji Malam Shehu. "An ce a bi wayar tun daga gaba har baya a ga inda ta ji ciwo. In ka gyara ta, abokan aikina duk nan zan turo su."

Ila ya haɗiye yawu. Abin da ya daɗe yana mafarki ke nan ya zo da ƙafarsa.

"Ranka ya daɗe, bin waya ai aikin makafi ne. Ni daga nan nake ganin cuta."

Talatu mai tuwo, wadda ke kasa tukwanenta a gefe, ta ce, "Cutar da ka gano wa motar Mamman fa? Har yau in ya danna ham fitila ce ke amsawa."

"Yaya Talatu, ji da miyarki."

Ya dogara gwiwar hannunsa a kan gaɓar ƙarfen da rufin ke lanƙwashewa, ya lumshe ido kamar boka yana sauraren iska. Ya ƙwanƙwasa batir, ya sansana maɓalli, ya kaɗa kai. Da ya gama wasan, sai ya zaro kwalin sigari, ya naɗe fis ɗin ya mayar, ya danna maɓalli. Takardar mai ƙyalli ta ce fat, ta zama toka. Motar ta faɗa masa gaskiya da iyakar muryarta, amma Ila bai taɓa ɗaukar gargaɗi komai ba face rashin kunya. Ya tsinci guntun ƙusa a ƙasa ya cusa a gurbin fis.

"Wannan ba ya mutuwa."

Ya danna. Rufin ya yi nishi, ya tashi a hankali, ya rufe motar ruf. Direbobi suka taru. Ila ya buɗe hannuwa yana jiran kirari.

"Ina jin ƙauri," in ji Talatu, "kuma ba tukunyata ba ce."

Hayaƙi ya ɓullo ta bayan kujera, wuta ta hau tamfol tana lasa kamar an gayyace ta. Da ruwan wanke-wanken Talatu da yashi aka kashe ta. Da hayaƙin ya washe, ga wayar nan a fili, gaɓar ƙarfe ta ci fatarta ta bar ta tsirara, daidai inda Ila ya dogara gwiwar hannunsa.

Malam Shehu ya buɗe ƙofa. Ya shiga ya ja motar, haƙarƙarin ƙarfe a kansa, yayyafi na sauka a hularsa. Ya kuwa ba abokan aikinsa labarin Ila, bai tsallake kowa ba. Daga nan ƙananan motocin suka fara kallon mangwaron: su rage gudu, a nuna da yatsa, a wuce.

Ila ya tsufa cikin motocin katako, da kwalin sigari a aljihu. Duk wanda ya tsokano zancen, sai ya gyara zama ya ce, "Ni dai ku gaya mini, rufin ya tashi ko bai tashi ba?"