Ƙanƙara a Jikin Tarakta da Rana Tsaka

Jama'a, yau na ga ƙanƙara a fadamar Ambursa da rana tsaka!

Taraktar ƙungiyarmu ta manoma ce, mai aiki da gas. Yini ɗaya tal aka ba ni, gobe za ta wuce Argungu, ga irin shinkafata ya isa dashe. Ta yi zagaye biyu, ta yi tari, ta mutu. Aka tada, ta sake mutuwa.

Direba ya ce, "Alhaji, gas ya ƙare." Na duba agogon tanki, cike yake.

Kawu Garba, maƙwabcin gonata, ya ce, "Wanga aikin aljanun fadama na, ku bar ta."

Ni dai na buɗe gaban motar. Wani ɗan ƙarfe da gas ke ratsawa kafin ya shiga inji ya yi fari fat. Na taɓa, ƙanƙara ce. Na bi tiyon da ke kawo masa ruwan zafi daga lagireto, sai ga shi an lanƙwashe an ɗaure tam da roba.

Direba ya sosa ƙeya. "Jiya na ga yana ɗiga, shi ne na ɗaure."

Ashe ruwan zafin nan ne ke ɗumama gas ɗin, in babu shi sanyin gas sai ya daskarar da ƙarfen ya toshe hanya. Na kwance robar, na yanke bakin tiyon da ya tsage, na mayar, na juye shayin fulas ɗina kan ƙanƙarar. Bugu ɗaya ta tashi!

Kafin la'asar mun gama gonar kaf. Sai ga Kawu Garba ya matso: "Ɗana, tunda aljanun sun tahi, a shiga tawa."