Littafin Malama Rabi yana wurina

Akwai abin da ban taɓa gaya wa kowa ba, ko Innata. Littafin darasin Malama Rabi, wanda aka yi ta nema tun kafin ta kwanta ciwo, yana cikin akwatina, ƙarƙashin zannuwa.

Ranar Talata da safe muna kan layi a makarantarmu ta Tambuwal, shugabar makaranta ta fito ta ce Allah ya yi wa malamarmu ta Bayoloji rasuwa a asibiti a Sakkwato, za a kai ta Kebbe wurin iyayenta. 'Yan ajinmu suka fashe da kuka. Ni kuwa abin da ya fara faɗo mini a rai shi ne littafin. Yau kwana shida ke nan ina ɗauke da shi a zuciya, na gaji.

Malama mace ce mai sanyin murya. A shekarar nan ta ƙarshe ƙafafunta kan kumbura, ta sauko daga kabu-kabu da ƙyar, amma ba ta taɓa koyar da mu a zaune ba. Takan ce, “In na zauna, darasin ma zama shika yi.”

Ranar da za ta koya mana yadda ƙwayar halitta ke kwafin DNA kafin ta rabu biyu, da igiyar ɗaure akuya ta shigo aji. Ta warware tufkar, sili biyu suka rabu. Ta ciro jan zare ta tufke da sili ɗaya, ta ƙara ciro wani ta tufke da ɗayan. Sai ga igiya biyu. “Ɗiyana, ku duba da kyau,” in ji ta. “Kowace tana da tsohon sili guda da sabo guda. Tsohon shi ka gwada ma sabon hanya. Amma ba a kwafin abin da ke rufe, sai an buɗe shi.”

Ni ban ji ko ɗaya ba a lokacin, daga baya aka ba ni labari. Littafin soyayya nake karantawa a ƙarƙashin hijabi. Ban ankara ba sai ga inuwarta a kaina.

“Hauwa'u, mi kika karatu? Ya same ta ko bai same ta ba?”

Aji ya kwashe da dariya, na ji kamar ƙasa ta tsage in shige. Ba ta karɓe littafin ba. Ta rubuta haruffan DNA huɗu a allo, ta ce, “Harafin A ba shi tsayawa da kowa sai T, C sai G. In an yi kuskure, akwai mai biyo baya shi gyara. Wanga alkawali ya fi na littafinki ƙarfi.” Da aka tashi ta miƙo mini littafinta, na shekara tara da rubutun hannunta, ta ce in kwafi abin da ya wuce ni in mayar mata.

Na kwafa. Amma bangon littafinta shuɗi ne irin nawa. Wata Asabar da la'asar hankalina ya yi nisa, na buɗe baya na fara rubuta labarin da nake ƙirƙirawa, na wata yarinya da wani mai sayar da turare. Sai da na cika takarda uku na gane ba nawa ba ne. Na so in yage, sai na ga kowace takardar baya haɗe take da 'yar'uwarta ta gaba. In na cire nawa, darasin DNA ne zai zube, har da zanen igiyar.

Bayan mako biyu ta tsaya gaban aji ta dafa tebur. “Wa na ba littafina? Ciwon ga ya sa ni mantuwa.” Ta bi mu da kallo, idonta ya ɗan tsaya a kaina, ya wuce. Na sunkuyar da kai. Har yau ban sani ba ko ta manta ne, ko rufa mini asiri ta yi. Sauran makonninta da ka ta koyar da mu, tana tsayawa ta huta a tsakiyar magana, tana lalubo abin da ke rubuce a cikin akwatina. Kunyar takarda uku ta sa na bar mara lafiya tana wahala.

An ce ta bar 'ya ɗaya, Safiya, shekararta bakwai, kuma babu wani rubutun uwarta da aka samu a gida. Na sake kwafe littafin gaba ɗaya don 'yan aji, ina bi ina duba kuskure. Na asalin na Safiya ne.

Allah ya jiƙan Malama Rabi, ya sa ciwonta ya zama kaffara, ya yalwata kabarinta, ya saka mata da tsayuwar da ta yi a gabanmu. Allah ya ba mahaifiyarta da mijinta haƙuri, ya raya Safiya a kan sawunta. Ni kuma ya yafe mini.

Gobe malamai za su je Kebbe addu'ar bakwai, na roƙa an yarda in bi su. Ban yage komai ba. Zan sa wannan takarda a cikin littafin, in durƙusa gaban mahaifiyar Malama, in miƙa mata da hannuna, a buɗe.