Baƙin da Baba Ya Bari Cikin Wayarsa

A gidanmu na unguwar Limanti muna da doka tun shekarun tashin bama-bamai: in aka ji ƙara a gari, duk wanda yake waje ya ɗaga waya a kiran farko. Ba sai an yi dogon zance ba, a ji muryarka kawai.

Sai Baba ya yi babbar waya. Shi kuwa mutum ne da bai iya cewa a'a ba. Duk shafin da ya buɗe a intanet, da an tambaye shi ko ya yarda a riƙa turo masa sanarwa, sai ya danna ya yarda. Na yi masa magana, ya ce, "Mutum ya yi sallama, ki ce in kore shi?" Baƙin nan kuwa ba su san kunya ba. Ƙwallo, maganin basir, farashin shanu, wayar ba ta hutawa. Ranar da ta yi ta kuka a sahun gaba har liman ya harare shi bayan sallama, Baba ya sa maƙwabcinsa na kasuwa ya kashe mata murya gaba ɗaya. Bai gaya wa kowa a gida ba.

Wata rana da hantsi ina wanke-wanke, sai na ji dum! daga wajen Kasuwar Kwastam, inda shagonsa yake. Kwano ya suɓuce mini. Na kira wayarsa, tana shiga, ba a ɗaga ba. Na sake. Inna ta tsaya a ƙofar ɗaki tana kallon bakina, ni kuwa na kasa haɗa ido da ita. Tsoron da na ɗauka mun rabu da shi ya dawo mini gaba ɗaya. Na fita da takalmi wari da wari, ina gudu ina kira, ina karanta duk addu'ar da ta zo bakina.

Ashe tayar tirela ce ta fashe. Na tarar da Baba yana auna wa wata mata yadi. Na zaro wayar daga aljihunsa. Kirana na can ƙasa, tallace-tallace sun danne shi. Nan na durƙushe a ƙofar shago na fashe da kuka.

Ya dube ni, ya dubi ƙafafuna. Can ya ce, "Kore su. Duka."

Na rufe sanarwar kowane shafi, na mayar wa wayar da muryarta. Yanzu ko gishiri zan ce ya taho da shi, in na kira, tun kafin in yi sallama sai in ji ya ce da yarenmu, "Kalewa, 'yata, lafiya lau. Ina raye."